Shekarar da Muka Shanya Mai a Rudun Albasa

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya ba ni aron babanku shekaru masu yawa, Ya kuma karɓi abinsa lokacin da Ya so. Tun da na fita takaba nake jin wata magana tana yawo a cikin dangi, wai babanku da taurin kai ya ƙwace gefen fadama daga hannun yayansa, wai har suka bar duniya ba sa ga maciji saboda gonar na'ana'a. Na ji ɗayanku ma ya maimaita ta. Ban yi fushi ba, domin a shekarar da abin ya faru babbarku Sa'adatu tana goye ne a bayana, sauranku ba a haife ku ba. Cikin waɗanda suka gani da ido ni kaɗai na rage. Karatuna bai yi nisa ba, amma zan faɗa muku yadda aka yi, za ku kuma ga cewa dariya ta fi komai yawa a ciki.

Gidanmu na Jiga Birni, a ƙasar Aliero, gidan albasa ne tun kaka da kakanni. Lokacin da aka kawo ni daga Maiyama kakanku ya riga ya rasu, gandu yana hannun Baffanku Bello, mutum mai ƙarancin magana da yawan aiki. Kakarku Inna tana nan da ranta da bakinta. Ba ta taɓa kiran sunan Baffanku ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce Babba. Babanku kuwa Sanda take ce masa, ni kuma Ɗiyar Maiyama, har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Wata ranar kasuwar Jega babanku ya haɗu da wani baƙo mai sayar da 'yan ƙananan kwalabe na man ganye. Ya saya masa shayi, ya zauna da shi har aka watse, mutumin ya zana masa a ƙasa yadda ake turara ganye a fitar da mai. Babanku ya dawo gida kamar wanda aka yi wa albishir. Bayan sallar la'asar ya sami yayansa a zaure ya roƙi gefen fadama, mu kuma muna jin su ta bayan zana.

"Ganye?" in ji Baffanku. "Sanda, ganye za ka shuka inda anka saba shuka albasa? Kiwon awaki za ka soma?"

"Yaya, mai nika so in fitar daga cikinai."

Baffanku ya ce, "Na ba ka gefen ga na bakin rijiya, daga yanzu har lokacin yafa irin albasa na baɗi. In ka samu mai saye wanda za ya tsaya maka, ka riƙe wurin. In ba ka samu ba, albasa ta koma wurinta, kuma kada in ƙara jin zancen."

Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida don kowa ya ji inda ta tsaya.

"Babba ya yi gaskiya! Tun da nike ban ga wanda ya tatsi ciyawa ba sai saniya."

Wani maƙeri a Jiga Makera ya haɗa masa tukunyar. Babbar tukunya ce mai murfi, an fasa murfin an sa bututun jan ƙarfe, bututun ya ratsa cikin duro mai ruwan sanyi ya fito ta ƙasa. A cika tukunya da na'ana'a da ɗan ruwa, a liƙe bakin murfi da laka, a hura wuta. Tururi ya bi bututu, ya huce, ya ɗigo a kwano, mai kuma ya taso saman ruwa siriri, a kwashe shi da cokali. Dami guda na ganye ba ya ba da abin da zai cika ludayi. Ranar da aka fara turarawa, a ƙarshen sanyi, ban manta fuskar babanku ba. Ya durƙusa gaban bututun kamar mai jiran haihuwa. Da ɗigon farko ya taru ya lakato da yatsa ya shafa mini a bayan hannu. Mai ne fari tas, ba kauri, da ya taɓa fata sai na ji sanyi ya ratsa ni kamar an ɗora mini ƙanƙara. Ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Inna tana atishawa tana cewa za a kashe ta da ranta, amma ba ta matsa daga wurin ba.

Mai saye ma ba ta yi wuyar samu ba. Akwai wata Hajiya Kulu a Jega Magaji mai haɗa man shafawa da sabulu, masu ɗori na Aliero suna sayen man tausa a wurinta. Babanku ya kai mata ɗan kaɗan, ta shinshina ta ce tana so duka, sai dai tana kan hanyar Kaduna wurin ɗiyarta da ta haihu, ya ajiye mata har ta dawo. To, a nan ne maganar ajiya ta taso, kuma ina so ku fahimci cewa babu wawa a cikinmu. Mu mutanen albasa ne. Abin da muka sani game da ajiya shi ne iska. Albasa in ka rufe ta ta yi gumi ta ruɓe, shi ya sa ake yi mata rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta gefe. Duk yaron garinmu ya san abin da bai sha iska ba lalacewa yake yi. Baffanku da kansa ya kwashe albasarsa daga kusurwar rudun da ta fi samun iska ya ce a sa man a nan. Ku riƙe wannan: wurin da ya fi kyau a rudunsa ya ba ƙanensa. Muka zuba man a faffaɗan kwanonin samira, muka rufe da faifai don ya riƙa numfashi. Ragowar muka zuba a farar jarkar roba, muka bar murfin a sassauce. Kullum da safe babanku zai je ya ɗaga faifai, wani lokaci har ya juya man da tsinke, kamar yadda ake juya albasa. Haka man ya ci bazara gaba ɗaya, zafin da ko kaza ba ta fita rana. Duk wanda ya bi ta bayan gidanmu sai ya tsaya ya yaba ƙamshin, mu kuma muna jin daɗi. Ba mu san ƙamshin da muke taƙama da shi man ne yake fita yana barin mu ba.

Da muka ji Hajiya Kulu ta dawo, babanku ya ce in shirya mu tafi tare. Wurin juye man na ga ya ragu sosai, ya yi duhu, yana bin cokali a hankali kamar zuma. Jarkar kuma ta yi laushi, gefenta ya lotsa. Na dube shi, ya ce wataƙila nuna ya yi. Hajiya Kulu mace ce mai jiki da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma, ta karɓi Sa'adatu tana yi mata wasa, sannan ta buɗe kwalba ta kai hanci. Sai ta kawar da kai, ta sake shinshinawa.

"Malam Sanda, man na'ana'a na ce ka aje min, ko miyar albasa?"

"Hajiya, shi na. Wanda kika gani."

"Wanda na gani yana da sanyi. Wanga ko zazzaɓi gare shi."

Ta shafa kaɗan a hannunta. Ba sanyi, sai danƙo, bayan ɗan lokaci wurin ya yi ja yana mata ƙaiƙayi. Na jarkar kuwa warin roba yake yi. Ta tambayi inda aka ajiye shi, babanku ya faɗa mata dalla-dalla, har da juyawar safe. Matar nan ta yi dariya har ta riƙe ciki, tana cewa Allah Ya bar mutanen Aliero da albasarsu. Da ta ga fuskarsa sai ta tsaya ta goge ido.

"Ni ban san sirrin ajiyarsa ba, saye nika yi in haɗa. Amma ba ni sa wanga a jikin mai karaya. Kuma yanzu ko sabo ka kawo min ba ni amsa, don ban san abin da za ya zama cikin kayana ba. Ka kawo min wanda ya ga ƙarshen damina bai canza ba. In ka iya wannan, ni da kai har abada."

Ƙarshen damina shi ne lokacin yafa irin albasa. Mu duka biyu mun san haka, ba wanda ya faɗa. A mota ya riƙe kwandon kwalaben a cinya. Da muka isa gida ya faɗa wa yayansa gaskiya a tsakar gida, gaban kowa. Baffanku bai ce na faɗa maka ba. Abin da ya ce kawai shi ne albasar da ke kusa da kwanonin ma ta ɗauki ƙamshi, wani dillali ya tambaye shi ko sabon iri ne. Ba wanda ya iya dariya. Inna tana zaune tana tsince wake, sai ta ture faifan ta tashi ta shiga ɗakinta. Mun ji tana jan wani abu mai nauyi. Ta fito da wata 'yar kwalbar maganin tari mai ruwan ƙasa, jikinta duk damshin yashi, bakinta a toshe da tsumma da kaki, ta ajiye gaban babanku ba ta dube shi ba. Ya buɗe. Tun kafin ya kai hanci ƙamshin ya iso inda nake tsaye. Ya ɗiga a hannu, fari tas, sanyi kamar ranar da aka yi shi.

"Inna, ina kinka samu wanga?"

"Ina ruwanka? Gwiwa ta dame ni. Guda biyu na ɗiba ranar farko, ɗaya na shafe, ɗaya na aje ma damina."

Baffanku ya ce, "Inna, ke da kinka ce ba mai tatsar ciyawa sai saniya?"

"To, na ce ban shan nonon?"

Nan fa gidan ya fashe da dariya, har Baffanku sai da ya dafa bango. Babanku yana dariya yana tambayarta me ya sa ta cika ta har wuya, me ya sa ta toshe ta haka, me ya sa ƙarƙashin randa. Ta ce ta cika ta ne don ba ta san ko za ta sake samun dama ba, ta toshe don kada ƙamshi ya tona ta, ta tura cikin jiƙaƙƙen yashin da randarta ke zaune a kai don nan ne ba mai taɓawa.

"Kayan sata ba ya son iska, ba ya son haske," in ji ta. "Ku da kunka samu na halal kunka baje shi a rudu."

Washegari da hantsi babanku ya same ni ina wanki. Na'ana'ar ta sake tofowa ta yi kyau, ruwan farko kuma ya sauka, kowa ya fita shukar gero. Turara ganye aiki ne na kwanaki, ga neman itace, ga tsaron wuta, ba a haɗa shi da wani aiki. In ya tsaya yanka da turarawa, gayaunarsa, wato 'yar gonar kansa da muke ci daga ita, za ta wuce lokacin shuka. Aikin gandu kuwa ba ya ɗaguwa. Ya tsuguna kusa da ni ya ce ba zai yanke ba sai ya ji ta bakina, tunda ni ce mai tukunya. Gaskiya na ji tsoro. Na ce masa mun riga mun sha kunya sau ɗaya, ga yarinya ƙarama.

"Na sani," ya ce. "In kin ce in bari, na bari, kuma ba ki ƙara jin zancen a bakina."

Na dubi hannunsa, duk tabon wutar tukunya. Na ce ya je ya yanko ganyensa. Abin da ya biyo baya ba zan rage muku shi ba. Shekarar nan rumbunmu bai ga gero ba. Kawunku na Maiyama ne ya riƙa aiko mana da dawa, kuma duk ranar da buhun ya iso sai na ji kamar in shige ƙasa, don matar aure ba ta son a ga abincinta yana fitowa daga gidan ubanta. Akwai ranakun da na sha ruwan koko na ce na ƙoshi. Babanku bai sani ba, ko kuma ya sani ya yi shiru don kada ya kunyata ni.

Amma daminar nan ita ce mafi daɗi a aurena. Na bi gidajen unguwa ina roƙon tsofaffin kwalaben magani masu duhu, mata suna tsokanata wai na buɗe kemis. Mu dafa su, mu kife su a rana har su bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa ɗaya yana gurɓata mai. Kawunku ya haɗo mana da kakin zuma. Babanku ya haƙa rami a ɗakin da ba ya samun rana, ya binne randa har wuya, ya zagaye ta da yashi yana yayyafa masa ruwa. Kowace kwalba a cika ta har baki, a toshe, a liƙe da kaki, a jera a ciki. Sai dai bai yarda ya bi Inna ido rufe ba, yana so ya san wanne ne ya yi aikin cikin dabarunta. Ya ware 'yan kwalabe. Ɗaya fara ya ɗora kan katanga inda rana ke bugu. Ɗaya mai duhu ya zuba mata rabi. Ɗaya ya cika ya toshe amma ya rataye ta ƙarƙashin kwanon rufi inda zafi yake. Duk ranar kasuwa sai ya jera su a tabarma ya kira mu shinshina, Inna ce alƙali. Ta kan katanga ce ta fara lalacewa, ta yi rawaya, ƙamshinta ya koma na tsohuwar ciyawa. Mai rabi ta bi bayanta, ta yi kauri a hankali, da yake iskar da ke cikin kwalbar ma ta isa ta yi ɓarna. Ta ƙarƙashin rufi ba ta canza launi sosai ba, amma sanyinta ya ragu, kaifin ƙamshin ya dushe. Shekaru da yawa bayan haka, da autarku Maryam ta yi karatun kimiyya, ta zaunar da shi ta bayyana masa cewa man ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne da yawa a haɗe. Marasa nauyin cikinsu su ne ke gudu in an sami zafi ko an bar baki a buɗe, iska kuma tana haɗuwa da waɗanda suka rage ta mayar da su wasu abubuwa dabam, su ne masu danƙo da cin fata, haske kuma yana ƙara wa abin sauri. Ya ji daɗin bayanin nan ƙwarai. Duk baƙon da ya zo sai ya kira ta ta maimaita, yana gyaɗa kai yana cewa ashe abin yana da suna.

Ruwa ya ɗauke. Baffanku ya fito da irin albasarsa ya shanya a tsakar gida inda kowa zai gani. Babanku ya buɗe randa ya ɗauko kwalabe. Da za mu fita sai ga Baffanku ya sa babbar riga da hula, ya ce shi ma zai je, don kada wani ya ba shi labari. Hajiya Kulu ta karɓe mu da tsokana, tana tambaya ko yau ma da albasa a ciki. Ta zaɓi kwalba da kanta daga ƙasan kwando, ta fasa kakin da farce. Ta shinshina. Ta ɗiga a hannu ta jira, mu ma muna jira. Ta buɗe ta biyu, ta buɗe ta uku. Sannan ta miƙa wa Baffanku hannunta.

"Alhaji, kai ne babba. Shinshina ka gaya min."

"Ni albasa na sani, Hajiya."

"To ni na san wanga. Malam Sanda, duk abin da ka turara nawa ne, bana da baɗi. Kada in ji ka kai ma wani."

Babanku ya sunkuyar da kai yana ta hamdala a hankali. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Baffanku ya yi godiya a taƙaice ya tashi. Muka bi shi a baya ba mu san abin da ke ransa ba, don bai ce an bar wa Sanda wuri ba, bai ce ba a bari ba. Maimakon ya nufi tasha sai ya karkata cikin kasuwa wurin masu tukwane. Ya riƙa ƙwanƙwasa randuna ɗaya bayan ɗaya yana saurare, har ya kai ga wadda ta fi duka girma. Ya saya, ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Ɗauka. Waccan da ka binne ta yara ce. In ka ƙara kunya biyu wajen gabas, ina za ka zuba man?"

Babanku ya buɗe baki zai yi magana, Baffanku ya ɗaga masa hannu ya ce ya kula da randa kada ya fasa. Irin albasar nan a wani wuri Baffanku ya yafa shi. Washegari da sassafe na fito na tarar da su biyun a ɗakin ajiyar man, cikin rami har gwiwa, Baffanku yana cewa an yi zurfi, babanku yana cewa da saura, Inna a kan kujera a bakin ƙofa tana cewa duk ba su iya ba, ita da ta yi nata ko fartanya ba ta nema ba. Na tsaya da ƙwaryar koko a hannu har ya huce ban kai musu ba, don ban so in katse su.

Yanzu ɗakin shiru. Allah Ya jiƙan su su ukun, Ya sanyaya makwancinsu.